Gida Biyu Maganin Gobara: Tambayoyi da Amsoshi kan Siyasa, Ƙaura da Iyali a Arewacin Kamaru

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoban 2025, hirar majalisa a Garwa ta canza salo. Da gardamar wa zai ci ake yi, sai aka koma lissafin wa ya kai iyalinsa Yola, wa ya rage kayan shagonsa, wa ya kira ɗansa ya baro Duwala. Ranar 27 ga wata aka ce Paul Biya ya samu kashi 53.66 cikin ɗari. Abokin takararsa Issa Tchiroma Bakary, ɗan garin nan, ya ce shi ya ci. Aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka, daga baya shi kansa sai a Gambiya aka ji shi. Tun lokacin matasa ke jefo mini tambayoyi, wasu a zaure, wasu ta waya. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Wai da gaske siyasa tana tayar da mutum daga garinsu? Ba neman abinci ba ne kawai?

Da wuya ka ji Bahaushe ya ce siyasa ce ta kore shi. Cewa zai yi ya je gaida gwaggonsa, ko ya kai uwargida ganin likita, ko ya tafi ci-rani. Kai dai ka duba lokacin tafiyar. Gwaggon nan shekararta shida a Mubi ba wanda ya leƙa ta, sai ana saura mako guda a faɗi sakamakon zaɓe zumunci ya motsa.

Neman abincin ma ai a hannun masu mulki yake. Lokacin da Buhari ya rufe iyakokin Najeriya a Afrilun 1984, sai 1986 aka buɗe. Ya sake rufewa a Agustan 2019, aka buɗe a Disamban 2020. Duk wanda cin abincinsa ke kan atamfa, siminti ko man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, ya san abin da rufewar nan ta yi wa tukunyarsa. Da Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, yara nawa ne suka ajiye jarkoki suka hau jirgin ƙasa a Ngaundare suka nufi kudu acaɓa? Ba wanda ya kore su, kuma ba su tafi don son ransu ba.

Abin da na lura da shi tun ina yaro: gida ba ya tashi ɗungurungum sai wuta ta ci danga. Abin da aka fi yi shi ne raba gidan da gangan. Ɗa ɗaya nan, ɗaya Yola, 'ya ɗaya a yi mata aure a Njamena. Tsofaffi sun riga sun ba abin suna, gida biyu maganin gobara.

Me ya sa kusan kowane gida a nan yake da dangi a ƙetaren iyaka?

Domin dangin sun girmi iyakar. Garwa, Ngaundare, Marwa, Rai Buba, duk ƙarƙashin tutar Modibbo Adama suke, kuma Yola ce fada. Kakanninmu fatake da mahauta da malamai da marina sun biyo wannan hanya daga Kano, Katsina, Zazzau da Barno, suka zauna a inuwar lamiɓe, sarakunan Fulani. Turawa ne suka zo suka yanka ƙasar: Ingila ta riƙe Yola, Jamus ta kama Garwa a 1901, bayan yaƙin duniya na farko Faransa ta gaji mafi yawan rabon Jamus, wani zirin kuma ya faɗa hannun Ingila.

Wannan zirin shi ne aka yi wa ƙuri'ar raba gardama ranar 11 ga Fabrairun 1961. Kudancinsa ya zaɓi Kamaru. Arewacinsa, wato su Mubi, ya zaɓi Najeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna. Abin ya yi wa shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahidjo, ciwo har ya kai ƙara kotun duniya, ba ta haifar da komai ba. Wa yana Mubi, ƙani yana Gidar, uwa ɗaya uba ɗaya, daga ranar ɗaya ya zama ɗan Najeriya ɗaya ɗan Kamaru. Jikokinsu yau in sun haɗu a biki, wannan yana karanta Turanci wancan Faransanci, Hausa da Fulatanci kaɗai suka rage musu.

Kada ka ce wannan tsohon labari ne. Da tafkin Chadi ya ja baya sakamakon farin shekarun 1970 da 1980, masunta suka bi ruwa, Hausawa da yawa a cikinsu, suka kafa ƙauyuka irin su Darak, Najeriya tana gudanar da su. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun duniya ta ce ƙasar Kamaru ce, a Disamban 2003 aka miƙa. Masunci gidansa bai gusa ba, kwalekwalensa na nan inda ya ɗaure shi, tuta ce ta canza, jandarma ya maye gurbin ɗan sanda. Wasu suka naɗe komarsu suka koma, wasu suka zauna. Gidaje da dama kuma suka yi abin da aka saba, rabi can rabi nan.

Me ya sa dattawa ke rage murya in an ambaci 1984?

Ahidjo haifaffen Garwa ne, ya mulki Kamaru daga 1960 har ya sauka a Nuwamban 1982 ya miƙa wa Biya. Ba a jima ba suka ɓata. A 1983 aka tsaga lardin Arewa gida uku, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Sai ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, akasarinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, bai yi nasara ba. Abin da ya biyo baya shi ne dattawa ba sa so su tuna: kotun soja, harbi, kame, korar aiki. Bello Bouba Maigari, wanda ya yi firaminista, ya tsallaka Najeriya, sai 1991 ya dawo. Tchiroma ya yi kimanin shekara shida a kurkuku. Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamban 1989, kabarinsa na can har yau, matarsa Germaine ma da ta rasu a 2021 can aka binne ta.

Manya kenan. Ƙananan da ba wanda ya rubuta sunansu su ne direba, masinja, tela mai ɗinka wa soja kaki, waɗanda laifinsu kawai sunansu da garinsu. Darasin da gidaje suka ɗauka shi ne kada a zuba 'ya'ya duka a aikin gwamnati. Mahaifina yana da 'ya'ya maza huɗu. Ɗaya kaɗai ya bari ya zauna jarrabawar shiga aiki, wadda muke kira konkur. Ɗaya ya ɗora a shago, ɗaya ya tura karatun allo Zariya, ni kuma ya ce in koyi boko amma kada in saki kasuwa. Bai taɓa cewa saboda 1984 ba ne. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mana cewa a lokacin nan ya kwana arba'in da jakarsa a ɗaure ƙarƙashin gado.

Mutanen Kuseri fa? An ce su kullum cikin karɓar baƙi suke.

Kuseri da Njamena kogi ne kawai tsakaninsu, inda Logon ya haɗu da Shari. Mai shago a Kuseri yana iya sallar azahar a Njamena ya dawo la'asar. Saboda haka duk abin da ya tashi a fadar Chadi, a tsakar gidajen Kuseri yake kwana.

Ranar 12 ga Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke a Njamena tsakanin mutanen firaminista Hissène Habré da sojojin shugaban ƙasa Félix Malloum, garin ya rabe, 'yan kudu suka kwashe suka nufi kudu. A 1980 aka sake gwabzawa wata da watanni, wannan karon tsakanin Habré da shugaban ƙasa na lokacin, Goukouni Oueddei. Lokacin ba a yi gadar Ngeli da ta haɗa garuruwan biyu ba, da kwalekwale aka yi ta tsallakowa, har baƙi suka ninka 'yan gari. A Disamban 1990 shi kansa Habré ta nan ya bi da Idriss Déby ya kore shi. Ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shiga har kusa da fadar Déby, dubban mutane suka cika gadar da katifu a ka, aka buɗe musu sansani a Maltam.

Sai a Disamban 2021 ruwa ya juya. Rikici ya tashi a yankin Logon Birni tsakanin Musgum masunta da Larabawan Shuwa makiyaya. Masunta na haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanu na faɗawa ciki. Cikin kwanaki wutar ta iso Kuseri, aka ƙona kasuwar shanu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 85,000 sun tsallaka Chadi. Waɗanda suka ba da tabarma a 2008 su aka shimfiɗa wa a 2021.

Za a ce wannan faɗan ruwa ne, ina ruwan siyasa? To ai a Janairun 1992, ana shirin zaɓen farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa, a Kuserin nan ƙabilar Kotoko da Shuwa suka zubar da jini kan katin zaɓe. Wa ke da sarauta, wa ke da kujerar magajin gari, wa hukuma za ta saurara in an kai ƙarar fili, duk a ƙarƙashin ramin kifin nan suke kwance. Bahaushe ba Musgum ba ne, ba Shuwa ba ne, amma rumfarsa a kasuwar take.

In abu ya ɓaci, wa ake fara fitarwa, wa ke zama?

Mata da ƙananan yara ne farko, wannan kowa ya sani. Gardamar tana kan mutum biyu, tsoho da saurayi.

Kawuna a Kuseri yake, mahauci ne, ya haura saba'in. Ranar da hayaƙi ya tashi daga kasuwa babban ɗansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Baba, an samu mota. Ka tashi mu tsallaka."

"Ku kai Innarku da yara. Ni ina nan."

"Baba, don Allah."

"In na fita, wa zai ce gidan nan namu ne? Takarda gare mu?"

Ba taurin kai ba ne irin na tsufa. Yawancin gidajenmu ba su da takardar mallaka ta hukuma, shaidar mai unguwa ce da ta maƙwabta. Gidan da aka bari ba kowa, in an dawo wataƙila a tarar da wani a ciki, ko a tarar babu ƙofa babu kwano. Tsoho shi ne takardar gidan. Ya zauna da buta da carbi da rediyo, ɗan ya riƙa aiko masa tuwo ta hannun wani mai kwalekwale.

Saurayi kuwa nasa ya fi wuya, domin zama hatsari ne, tafiya ma hatsari ce. Mutanen Mora, Kolofata, Amcide da Fotokol sun ga wannan tun 2014 da Boko Haram ta tsallako. Yaro ya zauna a ƙauye, 'yan daji su ɗauke shi. Ya kama hanya ba katin ɗan ƙasa, a shinge a ce shi ne ɗan dajin. Aka taƙaita hawa babur, wanda shi ne sana'ar rabinsu. Iyaye da yawa a lokacin suka sayar da akuya da gero suka tura samarinsu Marwa, Garwa, har Yawunde, wurin duk wanda za a iya kira kawu. 'Yan mata kuma aka yi ta gaggauta aurensu, ana ganin ɗakin miji a wani gari ya fi tsaro. Wannan ɗin ban taɓa yarda da shi ba. Yarinya 'yar aji biyar aka cire daga makaranta don rikicin da ba ta san tushensa ba, rikicin ya lafa, ita kuwa tana can da goyo.

Ina ruwan takardu da wannan magana?

Su ne ma maganar. Katin jam'iyya ba ya hana mutum barci kamar katin ɗan ƙasa.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru, ta 1968, ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Najeriya kuwa ta yarda wa wanda aka haifa ɗanta. Ga mutumin da uwarsa 'yar Mubi ce, ubansa ɗan Garwa, matarsa 'yar Njamena, wannan doka kamar a ce masa ya zaɓi ido ɗaya ne. Kowa ya san akwai masu kati biyu, ɗaya a aljihun dama ɗaya a na hagu, kuma kowa ya san abin da ke faruwa in jandarma ya laluba aljihun da ba shi ba.

Ga inda abin ya shigo har ɗakin mata. Al'adarmu ce mace ta je gidan iyayenta haihuwar fari, ta yi wankan jego, ta yi arba'in. To in gidan iyayen yana ƙetare fa? Ƙanena ya auro 'yar Yola. Da cikinta ya kai wata bakwai surukarsa ta aiko a kawo ta goyon ciki. Inna ta ce a'a, ta haihu nan a yi wa jariri takardar haihuwa, wato akta, sannan ta tafi wanka. Aka yi ta aike, har surukar ta ce ko an raina gidansu ne. Inna ta kira ta da kanta.

"Hajiya, wallahi ba raini ba ne. Jikana na fari a Najeriya aka haife shi, yau shekararsa goma sha biyu, an hana shi zana jarrabawar gama firamare don ba akta. Kotu muke ta zarya."

Aka yi shiru a waya, sannan Hajiya ta ce to ita za ta zo. Ta zo da garin kunun kanwa da ganyen wanka, ta yi wata biyu a Garwa. Al'ada ta bi takarda.

In lokacin yin akta ya wuce, sai an bi ta kotu, da shaidu da kuɗi da jira. Ba akta ba katin ɗan ƙasa, ba kati ba zaɓe, ba tafiya kudu cikin kwanciyar hankali. Wanda ya nema ma sau da yawa guntuwar takardar jira, resefise, yake yawo da ita har ta yage. Sannan ga makaranta. Yaron da ya fara da Faransanci a nan, in aka mayar da shi Yola a aji huɗu, ya koma baya. Wanda ya yi digiri a Maiduguri kuma in ya dawo sai ya nemi a daidaita masa takardarsa kafin ya shiga konkur. Yanzu da akwai jami'a a Ngaundare, da Marwa tun 2008, da Garwa tun 2022, an rage tura yara, amma uba yana zaɓar wa ɗansa ƙasa ne ranar da ya sa shi aji ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Mafi ban tausayi su ne waɗanda suka gudo daga Bangi a 2013 da 2014, lokacin da aka far wa Musulmin Afirka ta Tsakiya. An haife su can, iyayensu ma can, aka ce musu baƙi ne. Aka kwaso su zuwa Chadi da Kamaru, ƙasashen kakanni da ba su taɓa gani ba, nan ma aka tambaye su takarda.

Bambancin jam'iyya yana hana aure ko ya raba zumunci?

Hana aure, da wuya. A zaɓen 'yan majalisa na Maris 1992 jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba ta samu kujeru 68, RDPC mai mulki 88, arewa ta rabe har cikin gidaje, amma ba a fasa kai lefe ba. Abin da yake yi shi ne sanyaya ƙafa. Wa ma'aikaci ne, ƙani ɗan adawa mai baki, sai wan ya rage zuwa gidan ƙanin da rana, don kada a wayi gari a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa da damina. Matansu kuwa suna can suna aika wa juna miya.

Waɗanda suka yi kudu, ai sun huta da wannan?

Unguwar Birikitari a Yawunde da Niyu Bel a Duwala sun daɗe da Hausawa, akwai waɗanda kakanninsu ma can aka haife su. A kudu duk mai doguwar riga da hula Hausa ne, ko Bafulatani ne ko Kotoko ko Bamandare. In arewa ta yi wa gwamnati daɗi, lafiya lau. In ta ɓata mata rai, mai tsiren bakin titi shi ake wa kallon banza.

Kundin tsarin mulki na 1996 ya shigo da maganar 'yan asalin yanki, dokar 2019 kuma ta ce magajin babban birni sai ɗan asalin yankin. Gurbin konkur ma da yankin iyaye ake rabawa. Saboda haka Bahaushen Birikitari, ko bai taɓa kwana a Garwa ba, takarda tana mayar da shi can. Shi ya sa za ka ga mutum yana haya ɗaki biyu a Yawunde shekara talatin, amma ya gina gida mai ɗaki takwas a Garwa, ba kowa ciki sai wani ɗan'uwa mai gadi da tantabaru.

Waɗanda suka tafi suna dawowa kuwa?

Wanda ya tafi da makulli a aljihu yakan dawo. Wanda ya sayar da gida da wuya. Tsakaninsu akwai masu yawa da suka ce mako biyu za su yi. Sansanin Minawawo kusa da Mokolo an buɗe shi a 2013 don 'yan Najeriya da suka gudo daga Barno. An sa hannu kan yarjejeniyar mayar da su a 2017, an fara kwasar wasu zuwa Banki da Bama a 2021, amma dubun dubata na nan. Yaran da aka haifa a shekarar farko sun isa shiga sakandare, ba su san wata Gwoza ba sai a bakin kaka. Uba yana son komawa gonarsa, ɗa yana tambaya wace gona.

Iyalin kawuna sun yi wata uku a Njamena, a gidan wani abokin cinikinsa da ya taɓa sauka wurinsa a 2008. Innarsu da yara suka dawo. Ɗansa na biyu bai dawo ba, ya samu rumfa a can, bara ya yi aure. Kawu bai yi faɗa ba, shi ya ma biya sadakin. Da na je gaishe shi da sallah na tarar ana yaɓe wani ɗaki a bayan gida, an sa masa sabuwar ƙofa, an jingine tabarmi huɗu a ciki. Na ce, "Kawu, amarya za a yi mana?" Ya yi dariya har da tari, ya ce ɗakin mutanen Njamena ne.